Me Warin Tabar Wiwi Ke Faɗa, Me Kuma Yake Ɓoyewa?

A garin kan iyaka irin Mai'adua, inda motoci ke bi ta Kwangwalam zuwa Jamhuriyar Nijar, wari na cikin abubuwan da ke tona asirin buhun tabar wiwi. Sai dai warin ba ya nuna ƙarfin abin da ke ciki.

Sinadarin da ke bugarwa, wato THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware a Isra'ila a 1964, ba shi da wari. Warin yana fitowa ne daga wasu sinadarai da ake kira tarfin, waɗanda ke taruwa a danƙon furen macen shukar. Akwai su a wasu tsirrai ma: limonin yana cikin ɓawon lemo, kariyofilin a masoro da kanumfari, mirsin kuma a mangwaro. Bambancin yawansu ne ke ba kowane iri ƙamshinsa. Ɗoyin nan mai kama da na bodari kuwa, wani bincike na 2021 ya danganta shi da sinadarai masu ɗauke da farar wuta.

Masu haɗa iri a Amurka da Holan sun shafe shekaru suna zaɓar shukar da ta fi wari da ƙarfi. Sukan cire namiji daga gona domin mace ta yi ta zuba danƙo ba tare da ta yi ƙwaya ba. A Amurka, matsakaicin THC a tabar da aka kama ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan 12 a 2014. Irin wannan ce ake shigowa da ita Najeriya da sunan Loud. Wadda ake kira Kolos kuma sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadaran haɗi, hanci ba zai gane su ba.

Binciken hukumar UNODC na 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 10.6 na shan wiwi. Dokar 1989 da ta kafa hukumar NDLEA ta haramta nomanta da sayar da ita, ko da yake marigayi Rotimi Akeredolu, lokacin yana gwamnan Ondo, ya nemi a halatta nomanta domin magani. Duk ɓangaren da mutum ya ɗauka a wannan muhawara, gwajin ɗakin bincike kaɗai ke bambance iri mai rauni da mai jefa matashi cikin taɓin hankali.