Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Kai Jari Ƙasar Waje

 Yau za mu tsallaka iyaka, mu ga abin da ɗan kasuwa ke aunawa kafin ya ɗauki dukiyarsa ya kai ƙasar da ba tasa ba, da kuma abin da yakan manta bai auna ba sai ya ji a jikinsa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A shekarar 2015 kaɗai, kamfanin simintin Dangote ya buɗe masana'antu a Habasha da Zambiya da Kamaru da Tanzaniya. Fita waje neman kasuwa dai gado ne a wurin Alhaji Aliko Dangote, domin shi tattaɓa-kunnen Alhassan Dantata ne, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja. Lissafin kuwa ba shi da aibu. Afirka tana gini, siminti kaya ne mai nauyi, kuɗin dakonsa daga ƙetare yana cinye riba. Duk wanda ya kafa masana'anta kusa da dutsen da ake yin simintin da shi, kuma kusa da masu saye, ya riga 'yan shigo da kaya. Masu saye kam an same su. Matsalar ta ɓullo ne ta inda ba a sa ido ba.

Mu fara da Tanzaniya. A garin Mtwara da ke kudancin ƙasar aka gina masana'antar da za ta iya fitar da tan miliyan 3 a shekara, aka buɗe ta cikin Oktoban 2015, zamanin shugaba Jakaya Kikwete. Wata guda bayan nan Kikwete ya sauka, John Magufuli ya hau. To, yin siminti aikin wuta ne, murhunsa ba ya mutuwa dare da rana, don haka abin da za ka ƙona shi ne rabin cinikin. Wani abin mamaki, yankin Mtwara shi ne mai arzikin iskar gas a Tanzaniya, daga can ake tura ta cikin bututu zuwa Darussalam. Amma aka kasa daidaitawa kan farashin da za a sayar wa masana'antar, sai ta koma dogaro da janaretoci masu shan man dizal, tana kuma shigo da kwal daga Afirka ta Kudu. A 2016 sabuwar gwamnati ta hana shigo da kwal, ta ce kowa ya sayi na gida. Kafin ƙarshen shekarar masana'antar ta tsaya cik na wani lokaci, har sai da Dangote da kansa ya tashi ya je ya zauna da Magufuli a watan Disamba. Daga baya aka ba kamfanin wurin haƙar kwal, gas ɗin ma ya iso, amma sai a 2018.

Ku lura, masu sauraro, babu yaƙi a nan, babu juyin mulki. Zaɓe aka yi lami lafiya, aka canza shugaba, fahimtar da aka yi da na jiya ba ta ɗaure na yau ba. A ganina wannan shi ne haɗarin da manyan 'yan kasuwarmu suka fi rainawa, saboda sun saba cewa in ka san mai gari ka gama da gari.



Labarin Habasha ya fi wannan nauyi. Ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 100, a lokacin kuma tana cikin masu saurin bunƙasa a duniya, ga madatsun ruwa da layin dogo da gidaje ana ta ginawa. Masana'antar Mugher, a jihar Oromiya, tana iya fitar da tan miliyan 2 da rabi a shekara, kuma simintin yana shiga kasuwa. Amma an buɗe ta ne daidai lokacin da matasan Oromo suka fara bore kan filayensu da kuma yadda suke ganin ana cin arzikin yankinsu ba da su ba. A 2016 masu zanga-zanga suka lalata motoci da injinan kamfanin. A watan Mayun 2018 'yan bindiga suka tare motar manajan kamfanin na ƙasar, ɗan Indiya, a hanyarsa ta komawa Adis Ababa, suka kashe shi tare da direbansa da sakatariyarsa. Takardar izini gwamnatin tarayya ce ke bayarwa, amma zama lafiya da maƙwabta a hannun mutanen ƙauyen da ƙurar motocinka ke sauka a kan rufinsu yake.

Sai kuma batun da nake so mu ɗan tsaya a kai, wato yadda riba za ta dawo gida. A Habasha da kuɗin ƙasar, bir, ake sayen siminti. Kafin ka fitar da ribarka sai an canza maka ita zuwa dala, dalar kuwa a lokacin babu. Kuɗin kamfanin suka taru a can, ga su a asusu amma ba sa tafiya ko'ina. A daidai wannan lokaci, kamfanin jiragen saman Habasha shi ma kuɗin tikitinsa sun maƙale a Najeriya, don mu ma dala ta yi mana ƙaranci. A 2023 rahotanni suka bayyana cewa an yi musayar dala miliyan 100: kamfanin jirgin ya karɓi bir daga kuɗin Dangote a can, Dangote ya karɓi naira daga kuɗin kamfanin jirgin a nan. Dabara ce mai kyau, sai dai sa'a ce ta kawo ta, ba kowa ke samun wanda ciwonsu ya zo ɗaya ba. A Yulin 2024 kuma Habasha ta saki farashin kuɗinta, dalar da ake canzawa wajen bir 57 ta haura 100 cikin 'yan makonni.

Mu a nan ba baƙin wannan ba ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,400. Ku yi lissafin da kanku. Baƙon kamfanin da ya tara ribar naira miliyan 460 yana ganin ya ci dala miliyan ɗaya. In bai samu ya fitar ba sai bayan wata takwas, abin da zai kai gida bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, alhali bai yi asarar ko buhu ɗaya a kasuwa ba.

Domin kuwa mu ma ƙasar waje ce a wurin wasu. Shoprite na Afirka ta Kudu ya shigo Legas a 2005 yana hangen yawan jama'armu, a 2021 ya sayar da kantunansa ga 'yan gida ya tattara. Reshen Kano da aka buɗe a 2014 an rufe shi a farkon 2024. Yawan mutane daban, yawan masu tura keken sayayya cikin kanti daban, a garin da uwargida ta saba aika yaro a auno mata mudu, a yi tayi, wani lokacin ma a rubuta bashi. MTN kuma ya zauna ya ci riba, amma a 2015 hukumar sadarwa ta ci shi tarar naira tiriliyan 1.04 kan layuka sama da miliyan 5 da ba a yi wa rajista ba, kafin a sasanta a kan biliyan 330.

Kada mai sauraro ya ce wannan zancen manya ne. Mai haɗa riɗi ko zoɓo ko wake a kasuwar Dawanau yana neman mai saye a ƙetare, shi ma yana ciki. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya, saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa a rumbu, irin wanda muke kira fiya-fiya, ya zarce ƙa'idarsu nesa ba kusa ba. Wanda bai zuba ba ma haramcin ya shafe shi. Haka bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, da aka rufe iyaka, motocin kaya suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela da Maigatari, mai albasa yana kallon kayansa suna ruɓewa. Ba a buɗe ba sai cikin Maris na 2024.

Fataken da can ba sa sauka a zango sai sun san mai masaukin da zai tsaya musu, wanda ya san sarki, ya san dillali, ya san wanda ba ya biyan bashi. Wannan har gobe yana aiki, kuma ya fi rahoton da aka rubuta daga ɗakin otal. Saboda haka Alhaji, Hajiya, kafin ku loda kaya ko ku sa hannu a takarda, ku nemi wanda ya riga ku shiga ƙasar, ku tambaye shi da wane kuɗi aka biya shi, wata nawa ya jira kafin su iso hannunsa, kuma nawa suka rage a hanya. Ku fara da ɗan abin da in ya maƙale ba zai durƙusar da ku ba.