Allurar Rage Ƙiba a Ingila: Layin Asibitin Gwamnati Ko Aljihun Mai Kuɗi

 Shirinmu na musamman na yau zai leƙa Ingila ne, inda wata 'yar allura ta jefa hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, cikin muhawarar da ta taɓo tushen kafa ta. Tun 1948 aka gina wannan hukuma a kan cewa ciwon mutum ne zai kai shi gaban likita, ba nauyin aljihunsa ba. Sai ga shi a 2025 ƙiyasi ya nuna cewa mutane kusan miliyan ɗaya da rabi ne ke yin allurar rage ƙiba a Birtaniya, kuma wajen tara cikin goma daga cikinsu da kuɗinsu suke saye. Ra'ayin da shirin zai kare shi ne cewa NHS ta yi daidai da ta fara da waɗanda ciwo ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, amma tafiyar hawainiyar da take yi ta bar sauran jama'a a hannun kasuwa, kan maganin da sai mai iya ɗorewa ne yake cin amfaninsa.

Mu fara da ita allurar. Sunaye biyu ne suka fi tashe: Wegovy ta kamfanin Novo Nordisk na Denmark, da Mounjaro ta kamfanin Eli Lilly na Amurka. Wanda bai sani ba zai ɗauka wani ƙaton alƙalami ne. A firiji ake ajiye ta. Sau ɗaya a mako mutum zai ɗaura mata sabon tsinke siriri, ya murɗa gindinta, ya soka a fatar ciki ko cinya, shi ke nan sai wani makon. Mai yin Mounjaro yakan fara da miligiram biyu da rabi, a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan, aƙalla bayan kowane mako huɗu, wasu har su kai sha biyar. Aikinta kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, ya kuma sa abinci ya daɗe a ciki. Gwajin da aka wallafa a 2021 ya nuna masu yin sinadarin Wegovy sun zubar da kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Na Mounjaro kuwa, a 2022, ya kai kusan kashi 21 ga waɗanda suka yi mafi ƙarfinta. Kafin zuwan waɗannan, tiyata ce kaɗai ke kai mutum irin wannan matsayi.

To yaya ake samunta a asibitin gwamnati? A nan gizo ke saƙa. A Disambar 2024 hukumar NICE, mai tantance ko magani ya cancanci kuɗin da za a kashe a kansa, ta amince a ba da Mounjaro ga duk wanda ma'aunin ƙibarsa, wanda likitoci ke kira BMI, ya kai 35, in har yana da wani ciwo guda da ƙibar ke haddasawa. Da aka yi lissafi sai aka ga mutum miliyan 3 da dubu 400 ne suka shiga wannan sahu a Ingila. NHS ta ce ba za ta iya ɗaukarsu a lokaci guda ba, ta nemi a ba ta har shekara 12, tare da alkawarin kula da mutum dubu 220 a shekara ukun farko. Da likitocin unguwa suka fara rubuta allurar a ranar 23 ga Yunin 2025, sharaɗin ya tsananta: sai ma'aunin ya kai 40, kuma sai mutum yana da huɗu daga cikin cututtuka biyar, wato ciwon suga nau'i na biyu, hawan jini, ciwon zuciya da jijiyoyin jini, yawan kitse a jini, da ɗaukewar numfashi a cikin barci. Mu sauƙaƙa abin. A lokacin, mutum mai tsayin mita ɗaya da santimita 70 sai ya kai kilo 116 kafin ma a fara ƙirga masa cututtukan. In yana da kilo 125 da cututtuka uku, a matakin farko sai a ce ya jira. 'Yan'uwanmu mazauna Landan ko Manchesta su riƙe wannan: ga baƙar fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya ana rage ma'aunin da biyu da rabi, domin ciwon suga kan kama su tun ƙibar ba ta kai ta Bature ba. Ko a hakan ma, watanni bayan an fara, binciken mujallar likitoci ta BMJ ya gano ƙasa da rabin hukumomin lafiya 42 na yankunan Ingila ne suka soma bayarwa. Ke nan har unguwar da mutum yake zaune tana cikin lissafi.

A ɓangaren masu saye kuwa ƙofa a buɗe take. Lasisin maganin ya yarda a ba wanda ma'auninsa ya kai 30, ko 27 in akwai wani ciwo. Mutumin nan namu mai tsayin mita ɗaya da 70, kilo 87 sun ishe shi. Zai shiga shafin kantin magani a wayarsa, ya cika takarda, a tabbatar da nauyinsa, ya biya, bayan kwana biyu ɗan aike ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da kwali mai ƙanƙara a ciki. Mai kilo 87 da kuɗi ya samu a mako guda, mai kilo 110 da ciwon suga da hawan jini yana jiran shekaru. Tun a 1971 wani likitan ƙauye a Wales, Julian Tudor Hart, ya lura cewa kulawar lafiya mai kyau takan fi ƙaranci a inda aka fi buƙatarta, musamman in aka bar ta a hannun kasuwa. Alƙaluman gwamnati sun daɗe suna nuna cewa ƙiba ta fi katutu a unguwannin talakawan Ingila, inda abinci mai maiƙo da zaƙi ya fi araha. Su ne kuma ba su da fam ɗari biyu na ajiyewa gefe duk wata.

Abin da ya sa maganar kuɗi ta yi nauyi shi ne allurar ba ta warkarwa, riƙewa take yi. Da aka bi sawun waɗanda suka shiga gwajin 2021, an ga cewa shekara guda bayan sun daina, kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo, hawan jini da suga ma suka fara komawa inda suka baro. Kamar gidan haya ne: kana ciki muddin kana biya. Don haka tambayar da ta kamata mai niyyar saye ya yi wa kansa ita ce ko zai iya biya shekara biyu, uku, ko fiye, ba ko zai iya sayen alƙalamin farko ba. Kuma farashin ba a hannunsa yake ba. A ranar 1 ga Satumbar 2025 Eli Lilly ya ɗaga farashin Mounjaro a Birtaniya, mafi ƙarfinta ta tashi daga fam 122 zuwa fam 330 a wata, a daidai lokacin da Shugaba Trump ke matsa wa kamfanonin magani lamba kan cewa Amurkawa na biyan fiye da Turawa. An yi wa kantuna rangwame, amma duk da haka dubban fam ne a shekara. Mutane suka yi rububin saye su ɓoye, wasu suka koma Wegovy, wasu suka haƙura. Ƙarin bai taɓa farashin da NHS ke saye ba. Majinyacinta a Ingila fam 9 da kwabo 90 yake biya a kan kowane maganin da aka rubuta masa, mai shan maganin suga ko wanda ya kai shekara 60 kuwa ko sisi ba ya biya.

Akwai masu cewa, to mene ne laifi? Wanda ya saya da kuɗinsa ai ya rage wa gwamnati nauyi, ya bar wa talaka gurbi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma babu dalilin zargin wanda ya gaji da jira ya taimaki kansa. Sai dai gurbin da ake cewa ya bari babu shi, tunda adadin da NHS za ta ɗauka an riga an ƙayyade shi, ko ya saya ko bai saya ba. Sannan an ga yadda kasuwar ke iya cutar da majinyata kai tsaye: a 2023 Ozempic, wadda aka yi don masu ciwon suga, ta yi ƙaranci saboda masu neman rama sun wawashe ta, har sai da ma'aikatar lafiya ta umarci likitoci su daina rubuta ta don rage ƙiba. Kuma duk wanda allurar kasuwa ta kayar, da amai mai tsanani ko kumburin gaɓar ciki da ke sarrafa suga, asibitin gwamnati ake garzayawa da shi. Mafi muni shi ne abin da ke samun wanda NHS ta ce ya jira, kanti kuma ya fi ƙarfinsa. Shi ne abincin 'yan jabu. A 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya, MHRA, ta kama ɗaruruwan alƙaluman Ozempic na bogi, wasu an ɗura musu insulin, kuma an kwantar da mutane a asibiti bayan sugansu ya faɗi warwas. Ana tallar irin waɗannan a TikTok da Facebook da shagunan gyaran jiki. A Fabrairun 2025 hukumar da ke sa ido kan masu sayar da magani ta hana kantunan intanet dogaro da abin da mai saye ya rubuta kawai, ta ce sai sun tabbatar da nauyinsa da tsayinsa. Mataki ne mai kyau, amma bai shafi wanda ke sayarwa a bayan fage ba.

Wasu kuma cewa suke, don me za a kashe kuɗin haraji a kan wanda ya ƙi kame bakinsa? Wannan magana tana da farin jini, amma ba ta da ƙafa. NHS ba ta taɓa korar mashayin taba mai ciwon huhu ba, ba ta kuma tambayar wanda ya karye ko ganganci ya yi. Kuma kuɗin ai ana kashe su tuni, a wankin ƙoda, da yanke ƙafar masu suga, da sauya gwiwa, da jinyar shanyewar ɓarin jiki. Gwajin da aka yi da mutum sama da dubu 17 masu ciwon zuciya, wanda ya fito a 2023, ya nuna sinadarin Wegovy ya rage bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin ɗari.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta aljihun gwamnati da ƙarancin ma'aikata, kuma ba a yi mata gaggawar amsa. Ba miliyoyin mutane magani mai tsada na tsawon shekaru zai ci biliyoyin fam, kuma duk fam ɗin da ya tafi nan an ɗebe shi ne daga jinyar ciwon daji ko ɗakin haihuwa. NICE ta kuma sharɗanta a haɗa allurar da shawarar abinci da motsa jiki, domin mai rama da sauri yakan zubar har da tsoka, ga mata kuma ana buƙatar a gargaɗe su kada su yi ta da juna biyu, kuma Mounjaro na iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Wannan duk aikin mutane ne, likitocin unguwa kuwa sun riga sun yi wuya. Duk wannan hujja ce ta a bi sannu. Ba ta kai hujjar shekara 12 ba. Mai kilo 110 da ciwon suga a yau, in ya jira rabin wannan lokaci ma, zai iya isowa layin ne bayan ya tara cututtuka huɗun da ake nema, wato tsarin yana jira ya lalace kafin ya taimake shi. Kuma kasuwar da kanta ta nuna cewa masu harhaɗa magani da ma'aikatan jinya na iya kula da mutum sama da miliyan ba tare da kowa ya ga babban likita ba. Babu abin da zai hana NHS ɗaukar wannan hanya a ƙarƙashin sa idonta, ta yi amfani da kantunan magani na unguwa da take biya tun da daɗewa don yin rigakafi da awon hawan jini.

Farashin ma ba zai dawwama a haka ba. A 2026 haƙƙin mallakar sinadarin Wegovy ke ƙarewa a Indiya da Sin da Brazil da Kanada, kamfanoni da dama kuma sun shirya fitar da nasu mai araha, ga kuma nau'in ƙwaya da ake haɗiya. A Birtaniya haƙƙin zai ƙara wasu shekaru, amma hukumar da ke saye wa mutum sama da miliyan 50 magani ba ƙaramin mai ciniki ba ce, kuma NICE ta riga ta ce za ta sake duba jadawalin bayan shekara ukun farko. A wannan zama ne ya kamata a rage shekarun, a kuma sassauta sharaɗin cututtuka huɗu ga waɗanda ciwon suga ya riga ya kama.