Taken Uba a Bakin Ganga: Kiɗa da Tuna Baya a Ƙasar Cadakori

Idan damina ta kankama a ƙasar Cadakori, hatsi ya kai gwiwa, ciyawa ta fara fin ƙarfin mai gona, sai a kira gayya. Tun da hantsi samari za su jeru da hauyoyinsu, makaɗi na biye da su da gangar noma rataye a kafaɗa. Ba kiɗa ɗaya yake yi wa kowa ba. Yakan dubi sahu, ya hango wanda hannunsa ya fara sanyi, ya matsa kusa da shi, ya sauya bugu, ya saki wani ɗan gajeren kiɗa. Duk wanda ke wurin ya san na wane gida ne. Wannan shi ne take. Saurayin da aka yi wa zai ɗaga hauya sama, ya yi kururuwa, ya kama kirari jikinsa na tsuma, sa'an nan ya duƙa ya bar sa'o'insa a baya.

Sau da yawa taken ba nasa ba ne tun asali. Na ubansa ne, ko na kakansa wanda ya taɓa ɗaure dami dubu, aka yi masa bikin dubu, ya zama sarkin noma. Yaron bai ga kakan da idonsa ba, amma ya tashi yana jin wannan bugun duk ranar da aka ambaci gidansu. A gefen gonar kuma, ƙarƙashin gawo, akwai dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, wanda ya san mai taken ido da ido. Shi ne za ka ga ya sunkuyar da kai. Makaɗi ya lura da shi, sai ya karkato ya ce, "Baba, ka tuna mai wannan?" Dattijo ya ce, "Bari, yaro. Yayana ne, tare muka yi noman gandu." Ya laluba aljihu, ya ciro abin da ya samu ya miƙa. Kuɗin ba ladan daɗin kiɗa ba ne. Tukuici ne na wanda ya riƙe masa sunan ɗan'uwansa bai bari ya ɓace ba.

A wurare da yawa na duniya, waƙa kan manne wa mutum ne bisa katari: ya ji ta a wani lokaci na farin ciki ko baƙin ciki, daga nan ta zama tasa. A wannan yanki na jihar Maraɗi, daga Cadakori da sauran garuruwan gundumar Gidan Rumji har gabas zuwa Agye da Gazawa, al'ada ba ta bar abin ga katari ba. Da gangan ake ɗaura wa mutum kiɗa, a ɗaura wa gida, a ɗaura wa sana'a. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, mafarauta da 'yan tauri na da nasu gangunan. Makaɗan ma gado suke yi, uba ya koya wa ɗa bugu, ya kuma koya masa wane ne ya haifi wane, wane ne ya yi abin faɗa a shekarar kaza. Shi ya sa tsohon makaɗi kan san asalin mutanen gari fiye da su kansu.

Sarauta ita ma haka take riƙe tarihinta. Cadakori ƙasar Gobirawa ce, kuma Tsibiri, inda Sarkin Gobir yake zaune, ba ta da nisa. An kafa Tsibiri ne bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta ci nasara, Sarkin Gobir Ali ya faɗi a fagen fama, sabon sarki Mayaƙi ya tattara sauran jama'a ya sake kafa gari. Mutanen da suka rasa babban birninsu Alƙalawa, suka yi ta yawo kafin su samu wurin zama, ba su da wata taska da ta wuce tambari da kakaki da bakin maroƙa. Ranar salla, in aka buga tambari aka jero sunayen sarakuna tun daga Bawa Jan Gwarzo, Bagobiri kan ji wani abu ya taso masa a ƙirji, ko da kuwa talaka ne da bai taɓa taka zauren fada ba.

Amma inda kiɗa ya fi shiga jini, a ganina, shi ne wajen mata, kuma shi ne aka fi rainawa. Yarinya tana goye take fara jin muryar uwarta a bakin turmi. Mata biyu ko uku na lugude, taɓarya na tashi tana sauka, wata ta jefa tata sama ta tafa ta cafe, waƙa na bin bugun. Cikin waƙar daka ne mace ke faɗin abin da ba ta iya faɗa da baki sake: habaici ga kishiya, ƙorafi kan uwar miji, kewar garinsu, yabon ɗan fari wanda kunya ta hana ta kiran sunansa. Babu wanda zai kama ta da laifi, ai waƙa ce. 'Yar da ke wasa a gindin turmi tana haddacewa ba tare da ta san ma'ana ba. Sai ta yi aure, ta samu tata kishiyar, wata rana ta tsinci bakinta yana rera waƙar nan, a lokacin ne za ta gane abin da uwarta ta haɗiye shekara da shekaru.

Kafin aure akwai dandali. Bayan kaka, rumbu ya cika, farin wata ya fito, 'yan mata sukan yi da'ira su yi gaɗa, ɗaya ta faɗa baya ƙawaye su tare ta su cilla, ana tafi ana amshi. In da mai kalangu, sai ya zo ya yi wa kowace budurwa nata kiɗan, samari na gefe suna kashe kuɗi. Kowane tsara na da waƙoƙin da suka yi tashe a zamaninsa, har mata kan gane sa'arsu ta waƙar da ta sani. Ranar da aka sa yarinya a lalle, ƙawayen nan ne za su kewaye ta da waƙoƙin rabuwa, tana lulluɓe tana kuka, su ma suna yi. Kukan al'ada ne, amma hawayen na gaske ne, domin daga ranar an rufe mata dandali. In an kai ta wani ƙauye, wataƙila ita da wasu ƙawayen sai a wurin biki ko gaisuwar mutuwa. Shi ya sa a gidan suna, idan aka kifa ƙwarya a ruwa aka fara kiɗa, aka ɗauko wata tsohuwar waƙar gaɗa, sai ka ga tsohuwa mai jikoki ta aje sandarta ta shiga fili. Jikarta na dariya tana cewa, "Kaka, ashe kin iya?" Ita kuwa ba jikar take gani ba. Tana ƙirga waɗanda suka yi wannan rawar tare, da waɗanda suka rage.

Bori ya kai wannan al'amari matuƙa. A Gobir, Inna ce shugabar 'yan bori, a Maraɗi kuma Iya. Kowane iska na da kiɗansa a garaya ko goge, da kirarinsa, kuma wadda aka yi wa girka takan tashi da kiɗan nan a jikinta har abada. Wani masani Bajamushe, Veit Erlmann, ya yi nazarin kiɗan bori a Maraɗi, ya wallafa a 1982. Yau da yawa sun bar bori, sun shiga Islamiyya. Duk da haka akwai matar da in ta jiyo garaya daga nesa za ta tashi ta bar wurin tana ta'awizi, don ta san abin da jikinta zai tuna ko da zuciyarta ta ƙi.

'Yan kokowa ma da takensu suke shiga fili. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa ta cin takobi a Tawa a 1975, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kiɗan kokowa ya zama abin da ke haɗa ƙauye da birni, kuma filin kokowar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi.

Rediyo da kaset sun zo da wani salo. Iyaka ba ta taɓa tare murya ba, mutanen yankin sun sha Rediyon Kaduna kamar yadda suka sha Muryar Sahel. Ta nan Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Barmani Coge suka shiga kowane zaure, haka ma Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, wanda Gobirawan Nijar ke ji a matsayin nasu. Ɗan cin rani da ya tafi Kano ko Legas yakan dawo gab da shuka da rediyo mai kaset, kuma kaset ɗin da ya zo da shi yakan zama sunan wannan shekarar a gidan. Filin zaɓen waƙoƙi da gaishe-gaishe na rediyo kuwa shi ne wasiƙar wanda bai yi lakwal ba: a kira sunan mutum da na ƙauyensu, a sa masa waƙa, matarsa ta ji a gida ta san yana raye. Waɗanda suka ga yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari saboda rufe iyakar da Najeriya ta yi a shekarar, suna da waƙoƙin da har yau ba su son a sa musu, domin da su suka kwana da yunwa, da su suka yi sallama da waɗanda suka tafi biɗa.

Yanzu salula ta maye gurbin kaset. Saurayi zai kai katinsa kasuwa a cika masa waƙoƙin fina-finan Kano da na mawaƙan zamani, a wajen biki kuma a kafa manyan lasifika. Wa'azi ya sa gidaje da yawa sun koma walima, wasu makaɗa sun jingine ganga, 'ya'yansu sun kama kabu-kabu. Ba na cikin masu cewa waƙar zamani ba ta taɓa zuciya. Yarinyar da aka kai ɗakinta da waƙar soyayya ta fim za ta tuna ta a tsufanta kamar yadda kakarta ke tuna gaɗa. Abin da ke damuna daban ne. Waƙar da ke cikin kati iri ɗaya ce a Cadakori da Kano da Agadas, ba ta san sunan uban kowa ba. Duk makaɗin noman da aka binne ba tare da ya bar magaji ba, ya tafi da taken gidaje masu yawa, kuma kaɗan ne daga ciki aka taɓa ɗauka a na'ura.

Tun daga 2019 kuma yankin ya samu wasu baƙi. Hare-haren 'yan bindiga a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun koro dubban mutane zuwa gundumar Gidan Rumji, aka tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, nesa da bakin iyaka. Da yawansu daga wajen Sabon Birni da Isa suka fito, Gobirawa ne da suka tarar da 'yan'uwansu masu harshe ɗaya da zane ɗaya a fuska. Sun baro gonaki da rumbuna da kaburburan iyaye. Waƙoƙin fada da na noma da suka taso da su cike suke da sunayen garuruwa da fadamu da hakimai, kuma ga wanda aka kora, kowane suna a ciki wuri ne da ya sani, wata kasuwa da ya ci, wata hanya da yanzu ba ta biyuwa. Akwai wanda ke neman a sa masa Narambaɗa ya saurara har ƙarshe, akwai wanda ke roƙon a kashe tun daga bugun farko. 'Ya'yan da suka haifa a nan kuwa suna tasowa ne a dandali ɗaya da 'yan gari, suna koyon gaɗar Cadakori.