Gyaɗa Mai Fumfuna Da Ciwon Dajin Hanta: Abin Da Ya Kamata Mu Sani

Da kaka ta yi, duk wanda ya shiga kasuwannin Garwa, Fitowa ko Gidar zai ga buhunan gyaɗa da masara jibge. Da su muke tuwo da kunu, da su mata ke yin mai da ƙuli-ƙuli. To amma jama'a, akwai wata cuta da kan ɓuya cikin wannan arziki idan ba a adana shi da kyau ba, kuma hanta take nufa.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutun gado da mutum ya samo daga uwa da uba, wanda ke gaya mata lokacin da za ta rabu biyu da lokacin da za ta tsaya. Cikin wannan rubutu akwai wani sashe da masana suka sa wa suna TP53, shi ne ke samar da sinadarin p53. An gano sinadarin a 1979 a Ingila da Amurka, cikin masu binciken akwai David Lane da Arnold Levine.

Aikin p53 kamar na maigadi ne. Idan wani abu ya ɓata rubutun gado, saƙo kan iso masa, sai ya dakatar da ƙwayar har a yi gyara. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya ba ta umurni ta mutu don sauran jiki ya tsira. Idan kuwa maigadin kansa ya lalace, ƙwayoyi marasa lafiya sai su yi ta yaɗuwa ba mai tsawata musu. Wannan shi ne ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara. Kusan rabin dukan ciwon dajin da ke kama mutane ana samun TP53 a lalace cikinsu.

Ina ruwan gyaɗa da wannan magana? A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Da aka bincika sai aka gano wata guba da fumfuna ke fitarwa, aka sa mata suna aflatoksin. Fumfunar tana son zafi da laima, tana kama gyaɗa da masara tun a gona, ta ƙara yaɗuwa a rumbu. Dafuwa ko suya ba sa kawar da gubar.

A 1991 masu bincike suka duba ciwon dajin hanta na mutanen Qidong a ƙasar Sin da na kudancin Afirka, inda ake cin wannan guba da yawa. Suka tarar a wuri guda take yi wa TP53 lahani, wato gurbi na 249 cikin gurabe 393, inda take canza harafi ɗaya tak. Daga baya an sami wannan tabo a jinin masu ciwon a Gambiya, ƙasar da ita ma gyaɗa ce abin nomanta.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin a wurinmu shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda arewacin Kamaru na cikin yankunan da ya fi yawa a ƙasar. Yawanci tun mutum yana yaro yake ɗaukarsa, ya yi shekaru bai san yana da shi ba. Idan wannan cuta ta haɗu da gubar fumfuna a hanta ɗaya, haɗarin kamuwa da ciwon daji yakan ninka sau da yawa. Shi ya sa ake ganin magidanci ɗan shekara 35 ko 40 ya fara ramewa, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. Sau da yawa kafin a kai shi asibiti, bayan an gama zagayen masu magani, lokaci ya ƙure.

Bahaushe ya ce riga-kafi ya fi magani. Manomi ya cire gyaɗarsa a kan kari, ya shanya ta a kan tabarma ko tamfol har ta bushe ƙayau, kada ya baza ta a ƙasa. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, inda iska ke shiga. Uwargida ta tsince duk wadda ta yamutse, ta canza launi ko take ɗaci, ta zubar. Kada a ce asara ce a mai da ita ƙuli-ƙuli ko kunun yara, kuma kada a ba shanun tatsa, domin gubar tana fita cikin nono.

Game da ciwon hanta kuwa, tun 2005 Kamaru ta sa allurarsa cikin riga-kafin jarirai, saboda haka iyaye su tabbatar 'ya'yansu sun kammala. Manya da aka haifa kafin lokacin su je a gwada jininsu, a Babban Asibitin Garwa ko reshen Cibiyar Pasteur da ke garin, musamman mata masu juna biyu. Wanda ba ya da cutar sai ya yi allura, wanda aka same shi da ita akwai maganin da ke danne ta, likita ya riƙa duba hantarsa.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka cikin abin da muka noma.