Idan Tsiron Tumatir Ya Kwanta A Bedi

Manoman fadamun Birnin Gwari, maƙwabtan dajin Kamuku, ku saurara. Wanda irinsa ya mutu a bedi ya yi asarar rani guda.

Idan tsiro ya ruɓe a gindi ya faɗi, ruwa ya yi yawa, shuka ta cunkushe. Ku tuge marasa lafiya, ku rage ban ruwa. Idan ya yi tsawo siriri, inuwa ce. Ku rage ciyawar rumfa. Idan ganyen ƙasa ya yi rawaya, yunwa ce. Ku zuba ruɓaɓɓen taki. Idan ganye ya nannaɗe, farin ƙuda ya kawo cuta. Ku tuge, ku ƙone.

Bayan mako 4 ko 5, ku dasa da yamma. Rigakafi ya fi magani.