Ƙaramar Mota, Babban Lissafi

A shekarar 1978 wani injiniyan sadarwa ɗan ƙasar Faransa mai suna Pierre Scerri ya ƙudurta mallakar Ferrari 312 PB, motar tseren da ta addabi abokan karawarta a 1972. Kuɗin saye ba shi da su. Abin da yake da shi hotuna ne da haƙuri. Sai ya zauna ya zana kowane ɓangare na motar daga hotuna, ya rage girmansa zuwa kashi ɗaya cikin uku, sannan ya shiga ƙera su ɗaya bayan ɗaya. Aikin bai kammala ba sai 1992, bayan ya ci masa kimanin awa 20,000. Motar da ta fito tana da inji mai silinda 12 da ke shan fetur yana ruri, da giya biyar da ribas. Duka cikin injin bai wuce sisi 100 da 'yan kai ba, wato kusan na baburan da ke yawo a titunanmu, sai dai shi an raba wannan ɗan fili gida goma sha biyu.

Wanda ya ji wannan labari zai ɗauka wahalar duk a ƙanƙantar kayan take, wato idon da zai gani da hannun da ba ya rawa. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Babbar wahalar ita ce mai ƙira na iya rage ƙarfe yadda ya so, amma ba shi da ikon rage iska, ko mai, ko wuta, ko nauyin da ƙasa ke jan kowane abu da shi. Wanda ya kwafi mota daidai wa daida, ya raba kowane awo da lamba guda, zai samu abin kallo mai kyau wanda ba ya aiki.

Masu wannan sana'a suna magana da ma'auni. In an ce 1:24, ana nufin duk santimita 24 a jikin babbar mota ta koma santimita ɗaya. Motocin Dinky da aka fara yi a Libaful a 1934 su suka yaɗa ma'aunin da ke kusa da 1:43. Hot Wheels na kamfanin Mattel, da suka fito a 1968, suna wajen 1:64. Waɗannan na wasan yara ne da ajiya a kanta, an zuba jikinsu dunƙule guda, tayoyi na juyawa, shi ke nan. Masu son a buɗe bonet a ga inji sai su hau zuwa 1:18 ko 1:12 ko 1:8. A Turin ta Italiya kamfanin Pocher ya fitar da Fiat ta tseren 1907 a ma'aunin 1:8 a shekarar 1966, daga baya ya biyo da Rolls-Royce mai gutsattsari sama da 2,000, wadda mai haɗawa zai ɗaura wayoyin taya ɗaya-ɗaya da hannunsa, in ya juya hannun tayar da inji kuma fistin su motsa a ciki.

To ga inda lissafi ke shigowa. Idan aka rage tsawon abu sau goma, faɗin fuskarsa ba sau goma yake raguwa ba, sau ɗari ne. Cikinsa da nauyinsa kuwa sau dubu. Galileo ya yi bayanin wannan tun 1638, yana nuna dalilin da ya sa ƙashin babbar dabba ba zai zama ƙashin ƙaramar dabba da aka faɗaɗa kawai ba. Mota mai kilo 1,500 in ta koma 1:24 za ta tashi a giram 108 ko kusa da haka. Tirela mai ɗauke da tan 30 in ta koma 1:14, kilo 11 ne kacal.

Ɗauki sifirin, waɗannan faifan ƙarfen da ake jerawa a ƙarƙashin babbar mota. A ce mai ƙira ya yi su da irin ƙarfen asali, ya raba tsawo da faɗi da kauri da goma. Taurin sifirin ɗin zai ragu sau goma ne kawai, alhali nauyin da ke kansa ya ragu sau dubu. Sakamakon haka motar za ta tsaya ƙiƙam, ta hau tudu ta sauka ba tare da sifirin ya lanƙwasa yadda ido ke jira ba, domin ya fi ƙarfin aikinsa sau goma. Gwanaye sun san wannan, don haka sukan yi dabara: faife ɗaya ko biyu na ƙarfen gaske, sauran na wani abu mai laushi da aka yi wa launin ƙarfe, ko kuma a sirantar da su duka fiye da yadda lissafi ya ce. A ido adadin faifan ya cika, a aiki kuma motar tana lilo irin na babba. Wannan ƙarya ce, amma sai wanda ya fahimci aikin sifirin ne zai iya shirga ta.

Bodi ma haka. Kaurin ƙarfen jikin motar zamani bai kai milimita ɗaya ba. Raba shi da 24, sai ka samu abin da ya fi gashin kai siranta, wanda yatsa kaɗai zai lotsa shi. Dole a yi bodin da kauri fiye da ƙima, sannan a goge bakin ƙofa da bakin bonet su yi siriri, tunda nan ne kawai ido ke auna kauri. Fenti ma na da tasa rigimar, don kaurin da ba ya damun kowa a jikin babbar mota yana iya cike layin ƙofa ya shafe kan noti a ƙarama. Fatar kujera sai an fere bayanta ta koma kamar takarda, aikin da dukawanmu ba za su ji shi baƙo ba.

Gerald Wingrove, Baturen Ingila da ya rasu a 2019, ya yi suna a wannan fanni na kamanni. Da injin sassaƙar ƙarfe ya fara neman abinci kafin ya koma ƙera ƙananan samfura gaba ɗaya a 1967. Yawancin aikinsa a 1:15 yake, da tagulla, irin su Bugatti da Duesenberg da Alfa Romeo na shekarun 1930. Matarsa Phyllis ce ke tattara awo tana zana taswirar kowane ɓangare. Injinansa ba sa tashi, bai kuma ce suna tashi ba. Abin da ya nema shi ne a ɗauki hoton motarsa a kasa bambanta ta da ta asali. Littafinsa The Complete Car Modeller har yau masu koyo na neman sa.

Masu son inji ya tashi kuwa, su ne suka ɗebo ruwan dafa kansu. Louis Chenot, wani injiniya Ba'amurke da ya yi ritaya, ya shafe kusan shekara goma yana ƙera Duesenberg ta 1932 a ma'aunin 1:6, mai gutsattsari sama da 6,000. Injin asalin lita 6.9 ne, silinda takwas a jere, bawul 32. Raba wannan da 216, wato shida sau shida sau shida, sai ya koma sisi 32, kowace silinda sisi huɗu. A irin wannan ɗan ɗaki ake son fetur ya gauraya da iska, a matse shi, ya kama da wuta a daidai lokacinsa, sau dubbai a minti guda.

Matsala ta farko zafi ne. Cikin silinda ya ragu sau 216 amma bangonta ya ragu sau 36 kawai, don haka kowane ɗigon mai da ya ƙone yana da bango ninki shida da zai tsotse masa zafi. Ƙaramin inji na saurin yin asarar zafin da ya kamata ya tura fistin. Ta biyu yoyo. Tazarar da ke tsakanin fistin da silinda ba ta raguwa yadda ake so, domin hannu da inji suna da iyakar daidaiton da za su iya, kuma ɗan gibin da babban inji ba zai ji ba yakan zubar wa ƙarami da matsinsa duka. Ta uku kafireta: ramin da mai ke bi in ya yi ƙanƙanta ainun sai man ya riƙa maƙalewa, ƙura ƙwaya ɗaya ta toshe shi. Baƙin mai shi ma kaurinsa na nan yadda yake, bai san an rage hanyar da zai bi ba.

Amma wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ta wutar fulogi. Kafin tartsatsi ya tsallake bakin fulogi cikin iskar da aka matse, ana bukatar dubban bolt, ko injin babba ne ko ƙarami. Wannan wuta ba ta da biyayya. In aka matso da wayoyi kusa da juna kamar yadda ma'auni ya ce, sai ta tsallaka daga wannan waya zuwa waccan, ko ta bi jikin inji ta wuce, ta bar fulogin da ake so ta je. Shi ya sa za ka ga mai rarraba wuta a ƙananan injina ya ɗan fi ƙima girma, ko kuwa na gaskiyar an ɓoye shi a ƙarƙashin katakon da aka ɗora motar, an bar na ado a inda ido ke gani. Motar Chenot tana ajiye a gidan adana kayan gwanintar hannu na gidauniyar Joe Martin da ke Carlsbad a Kalifoniya.

Manyan motocin kaya sun bi wata hanya dabam. Injin dizal mai feshin mai irin na gaske yana da wuyar ragewa ƙwarai, saboda haka aka bar wa batir da ɗan injin lantarki aikin ja, aka mai da hankali ga duk abin da ke bayan inji. Kamfanin Tamiya na Shizuoka a Japan, wanda ya taɓa sayen Porsche 911 ya wargaza ta don ya ga yadda cikinta yake, ya fara fitar da kawunan tirela na 1:14 a 1993 da King Hauler. Suna da shasi na alminiyam, da giya uku da ake canzawa daga nesa, da furofela, da sifirin na ƙarfe, da giyar nan ta tsakiyar aksul ɗin baya da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. A Jamus da Holan akwai masu ƙera tifa da katafila masu ɗaga kaya da famfon mai na gaske, suna haɗuwa a manyan zauruka su zuba ƙasa su shimfiɗa hanya, dattawa da furfura suna lodin yashi da ƙaramar tifa cikin natsuwa kamar an ba su kwangila.

Duk da haka akwai abin da ke tona asirin ƙaramar mota ko da komai nata ya dace: saurin motsinta. Abu ƙarami yana girgiza da sauri, yana faɗuwa cikin ƙiftawar ido, domin tazarar da zai faɗo gajera ce amma jan ƙasa bai ragu ba. Masu shirya fim sun daɗe da gano maganin. In motar 1:16 ce, sai a ɗauke ta da kyamara mai gudu ninki huɗu, a haska a hankali, nan take ta yi nauyi a ido.

Wanda ya tashi a Kano ko Zinder ko Gusau ba sai an gaya masa yara na ƙera mota ba. Akwai ta karan dawa da ake haɗawa da tsinke, akwai ta waya, akwai ta langa-langa da ake yanka daga gwangwanin madara, tayoyinta daga tsohon silifa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne waɗannan yara injiniyanci suke bi, ba ado ba. Dogon sitiyarin da ke hannun yaro yana sauka ne kan wata sanda da ke haɗa tayoyin gaba biyu, su juya tare. Wani ma har sifirin yake sa wa tasa da guntun robar tayar keke, ya danna ya ga ta dawo. Gyara ɗaya ya rage masa ya iso inda masu ƙera keken doki na Turai suka iso: a kan kwana tayar ciki tana bin da'ira ƙarama, don haka dole ta fi ta waje karkata. Georg Lankensperger ne ya tsara wannan a Munich, Rudolph Ackermann ya yi masa rajista a Ingila a 1818, sunansa kuma ya bi tsarin. Ana samun sa ne ta hanyar karkatar da hannuwan sitiyari ciki kaɗan, yadda in aka ja layi daga kowannensu za su haɗu a tsakiyar aksul ɗin baya. Da waya da filaya ana iya gwada shi a zaure.

A ganina abin da ya raba motar langa-langa da ta Wingrove ba basira ba ce, awo ne da zane. Yaron yana ƙira da ido, wancan kuwa ba ya taɓa ƙarfe sai ya gama taswira. Makarantun koyon sana'a da kwalejojin fasaha za su iya cike wannan gibi da kuɗi kaɗan: ma'aunin kauri, takardar zane, zarto, dalma, da malamin da zai ce a raba kowane awo da 14. Kamfanonin mota da kansu haka suke fara kowace sabuwar mota, da ƙaramin samfuri na yumɓu kafin babba, kuma wannan na cikin abin da ake koya a kwalejin zanen mota ta Detroit inda Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da aka sani da zanen Chevrolet Volt, ya yi karatu. Dabarun ma ba duka ne baƙi ba. Ƙananan ɓangarorin tagulla masu sarƙaƙiya har yau da kaki ake siffanta su, a lulluɓe, a narkar da kakin a zuba ƙarfe a gurbinsa, hanyar da maƙeran Ife da Benin suka ƙware a kai ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Akwai kuma abin ƙerawa a gida. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 ana samun ƙaramarta daga kamfanonin Faransa. Amma Marsandi 911 mai bodin katako, wadda ta yi dakon gyaɗa da goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu, kanta ne kawai na Jamus. Bodin kafintocinmu ne suka tsara shi, kowane gari da salonsa na tsani da ƙofar baya da zanen fenti, ba tare da taswira a takarda ba. Mai son ya ƙera ta a 1:14 sai ya nemi wadda ta rage a gareji ko bakin kasuwar hatsi, ya nemi izinin mai ita, ya shiga ƙarƙashinta da tef da littafi, ya ƙirga faifan sifirin, ya auna tazarar kowane katako da kowane noti.