Masu Raya Tsohon Faifai

A farkon shekarun 2000 aka tsinci wasu naɗe-naɗen tef a ma'ajiyar kamfanin Virgin, waɗanda aka daɗe da fid da rai da su. Su ne uwar tef ta In the Court of the Crimson King, faifan farko na ƙungiyar King Crimson, wanda ya fito a Ingila ranar 10 ga Oktoba 1969. Kimanin shekara 30 tef ɗin nan yana kwance ba a san inda yake ba, kuma kaset da CD ɗin da aka yi ta sayar wa jama'a a tsakanin nan daga kwafi aka buga su, wani lokaci ma kwafin kwafi. Duk sanda aka juya tef zuwa wani tef, sautin yakan dusashe kaɗan, shuu ɗin da ke ƙarƙashinsa ya ƙaru. Da asalin ya bayyana sai aiki ya samu ga wasu mutane da ba a cika jin sunansu ba, wato injiniyoyin da ke karɓar tsohon sauti su gyara shi ya sake shiga kasuwa.

Irin kiɗan da ake kira progressive rock yana cikin waɗanda suka fi bukatar hannunsu. Ya bunƙasa a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960, a hannun ƙungiyoyi irin su Yes da Genesis da Jethro Tull da Pink Floyd, kuma masu yin sa sun ƙi tsayawa a waƙar minti 3 ta gidan rediyo. Faifan King Crimson ɗin nan waƙa 5 ne kacal a cikin minti 40 da 'yan kai. Wani wurin sarewa ce ita kaɗai a hankali, wani wurin kuma ganguna da jita da kakakin saksofon su ɓarke gaba ɗaya. Tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa ita ce ran kiɗan, kuma ita ce farkon abin da ke lalacewa idan aikin ya faɗa hannun wanda bai iya ba.

Ɗanyen kayan wannan sana'a tef ne, kuma iri biyu ne. Akwai mai layi da yawa, wanda aka ɗauki kowane kayan kiɗa a layinsa, ganguna daban, murya daban. Akwai kuma uwar tef mai layi biyu, dama da hagu, inda aka riga aka haɗa komai. Wanda aka miƙa wa uwar tef kamar an ba shi miyar da ta riga ta dahu ne: yana iya ƙara ɗan gishiri ko ya kwashe man da ya taso, amma ba ya iya fitar da daddawar da ta narke a ciki. Wannan shi ne sake tacewa. Wanda aka ba tef mai layi da yawa kuwa, daga tushe zai sake haɗa sautin. Aiki ne biyu daban, sau da yawa ma mutum biyu ne ke yin su, kuma mai saye da ya san bambancin ba a cutar sa a shago.

Kafin a ɗora tef a kan na'ura sai an duba lafiyarsa. A buɗe kwali, a karanta rubutun da injiniyan farko ya bari, a duba gefen naɗin ko ya yi fumfuna, har a sansana, don akwai tsohon tef da ke warin tsami idan ya fara ruɓewa. A bi wuraren da aka yanka da reza aka liƙe, a sake liƙe waɗanda gam ɗinsu ya bushe. Babbar cutar da ta addabi tef na tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980, irin su Ampex 456, ita ce danƙo. Sinadarin da ke riƙe garin maganaɗisu a jikin ledar yana shan danshi ya yi yauƙi. Idan aka kunna shi haka, zai yi ta ƙugi yana barin baƙin gari a kan na'ura, kuma wannan garin shi ne waƙar kanta, abin da ya goge ba ya dawowa. Maganinsa gashi ne. A sa tef a tanderu na musamman a zafin digiri 50 zuwa 55, sa'o'i masu yawa, wani har ya kwana, sannan a bar shi ya huce a hankali. Gashin yakan ba da 'yan makonni kafin danshi ya koma, a cikinsu ne za a kwashe sautin. Ba kowane tef ake gasawa ba. Wanda aka yi da ledar asitet zafi lalata shi yake yi, don haka sai mai ido ya fara tantance wanne ne a hannunsa.

Sai na'ura. Yawanci tsohuwar Studer ce ta ƙasar Suwizalan, irin A80 ko A820, waɗanda an daina ƙera su, kayan gyaransu sai an farauto daga wata da ta mutu. Injiniya zai goge kawunanta, ya daidaita gudu, ya saita kan da ke karanta tef da ƙaramin sukundireba har ya tsaya daidai da yadda kan da ya rubuta shi ya tsaya shekara 50 da suka wuce. Karkata ta kaurin gashi ta isa ta cinye siririn amon kuge. King Crimson sun ɗanɗani wannan tun a 1969: kan na'urar da aka haɗa faifansu a kanta a sitidiyon Wessex da ke Landan bai zauna daidai ba, sai sautin sama ya ragu, wata ƙarar da ba a so ta shiga, musamman a waƙar farko. Idan komai ya daidaita, a kunna tef, kwamfuta ta ɗauke shi da inganci mai yawa, yawanci samfuri 96,000 ko 192,000 a kowace daƙiƙa, alhali CD 44,100 yake ɗauka. Burin mai aikin shi ne tef ya wuce sau ɗaya a gama.

Simon Heyworth ne ya tace uwar tef ɗin da aka tsinta, aka fitar da ita a 2004. Bayan shekara 5, a cikar faifan shekara 40, Robert Fripp, mai jitar ƙungiyar, ya ba Steven Wilson tef mai layi da yawa ya sake haɗawa. Wilson bai cika shekara 2 a duniya ba lokacin da faifan ya fito, ya tashi ya same shi ne ya kamu da sonsa. Abin da ya tarar ya nuna wahalar da mutanen farko suka sha. Layi 8 kawai na'urar Wessex take da shi, su kuwa suna son tara amon Mellotron, wani kayan kiɗa mai madannai wanda a ƙarƙashin kowane madanni akwai guntun tef na goge ko sarewa. Idan layuka sun cika sai su matse su a layi ɗaya ko biyu na sabon tef, su sami wurin ƙari, kuma kowane juyi yana cin inganci. Wilson ya koma ga tef na kafin juyi, ya jera su a kwamfuta suka tafi tare, sai aka ji kayan kiɗan da hasken da ko su masu kiɗan ba su ji a faifansu ba.

Daga nan ne haƙuri yake shiga. Hanyarsa ita ce ya saurari tsohon haɗin 'yan daƙiƙoƙi, ya saurari nasa, ya koma, ya dawo, har sai kowane kayan kiɗa ya zauna inda yake a da, amsa-kuwwar murya ta yi tsawon da take da shi, gangar da ke hagu ta tsaya a hagu. Sai ya gama wannan kwaikwayon ne yake baza sautin a lasifika 6 don masu ɗakin sauraro na kewaye. A ganina nan ne ake gane gwani a wannan sana'a. Kwamfutar yau tana iya miƙe muryar da ta karkace, ta gyara gangar da ta yi latti, kuma komai yana gaban mai aiki ba mai ganinsa. Amma kayan amana ne, na mutane 5 da suka yi shi suna samari, da na dubban da suka haddace shi har da kurakuransa. A fitowar 2009 an datse kimanin minti 3 daga waƙar Moonchild, wurin da makaɗan suke lalube ba tsari, kuma Fripp da kansa ya so haka. Duk da cewa mai kaya ne ya yanke, an sa cikakkiyar a gefe ga mai so.

Akwai wata jarabar da ta lalata sake-sake da yawa daga shekarun 1990: matse sauti don ya fi na kowa ƙara. Ana danne tsawa a ɗago raɗa har su zo daidai, sai faifan ya burge a minti na farko ya gajiyar da kunne a na 10. Kamfani yakan nemi haka, injiniya kuma yana neman abincinsa. Ina girmama waɗanda suka iya ce wa mai biyansu a'a a kan wannan. Wilson yakan sa tsohon haɗin yadda ya fito daga tef, ba a taɓa shi ba, kusa da sabon, mai saye ya auna da kunnensa.

Idan za a buga faifan garmaho, sai aikin ya koma wurin mai yanka. Yana da injin Neumann, shi ma tsoho, da farantin alminiyam mai shafi mai taushi, da allura mai ɗumi da ke sassaƙa layi guda ɗaya mai zagaye daga baki zuwa tsakiya. Gefe ɗaya yana ɗaukar kimanin minti 22, kuma amo mai kauri yana cin wuri, idan ya yi yawa allurar mai saye za ta yi tsalle. Ba a tsayawa a tsakiya. Kuskure ɗaya, farantin ya tashi aiki. A sitidiyon Abbey Road, Miles Showell ya yi suna da yanka a rabin gudu, don allura ta sami sararin fitar da ƙananan amo. Daga nan a fesa wa farantin azurfa, a tsoma shi a ruwan nikel da lantarki, a ɓamɓaro wanda masu sana'ar ke kira uba, daga uba a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimin bugu. A sa curin roba mai zafi tsakanin hatimi biyu, inji ya danne, cikin kimanin daƙiƙa 30 faifai ya fito. A fara buga 'yan kaɗan na gwaji a aika wa masu kaya su saurara kafin a saki sauran.

Kwali ma aiki ne. Fuskar nan mai ihu da ke bangon faifan King Crimson, Barry Godber ne ya zana ta, ya rasu a farkon 1970 yana ɗan shekara 24, kuma ita kaɗai ce bangon faifai da ya taɓa yi. Sai an nemo launinta na asali. Sai kuma mai tono ma'ajiya ya zaƙulo gwaje-gwajen da ba a fitar ba da kiɗan dandali, marubuci irin Sid Smith ya rubuta ɗan littafin tarihi. Akwatin da aka fitar a 2020 na dukan abin da ƙungiyar ta ɗauka a 1969 faifai 26 ne.

Kuɗi yana cikin harkar. A 2022 an sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41 a Amurka, CD miliyan 33, karo na farko tun 1987 da garmaho ya wuce. Akwatin cikar The Dark Side of the Moon na Pink Floyd shekara 50, wanda James Guthrie ya tace a 2023, ya kai kusan dala 300. Kamfani yana son irin wannan ciniki don an daɗe da biyan kuɗin ɗaukar waƙoƙin, masu saye kuma dattawa ne masu abin hannu da suka sayi faifan nan sau uku ko huɗu a rayuwarsu. Amma rabon injiniya yawanci lada ne na aiki, a biya shi sau ɗaya, ko an sayar da kwafi 1,000 ko miliyan. Haka abin yake tun da. Alan Parsons, wanda ya ɗauki The Dark Side of the Moon, albashin fam 35 a mako yake karɓa a Abbey Road, faifan kuwa an sayar da kwafi fiye da miliyan 45.

Jarin mai wannan sana'a kunnensa ne da amincinsa. Kunne yana gajiya bayan 'yan sa'o'i, yana rage jin siririn amo da shekaru, wasu kuma suna ƙarewa da ƙarar da ba ta barin kunne dare da rana. Aminci ma yana zubewa da wuri. A 2022 aka gano kamfanin Mobile Fidelity yana biyo da sauti ta kwamfuta kafin yanka, alhali masu saye sun ɗauka daga tef kai tsaye yake. Fayafayan suna da daɗin ji, amma an ɓoye wa mutane gaskiya, aka kai ƙara, aka sasanta a kan kimanin dala miliyan 25.

Ga kuma wuta. A watan Yuni 2008 gobara ta cinye ma'ajiyar kamfanin Universal a Los Angeles, kuma binciken jaridar New York Times na 2019 ya ce tef fiye da 100,000 ne suka ƙone, ko da yake kamfanin ya musanta girman asarar. A Fabrairu 2020 masana'antar Apollo Masters da ke Kalifoniya, wadda ke yin yawancin farantan yanka na duniya, ta ƙone, aka koma dogaro da ƙaramin kamfanin MDC na Japan. A 2021 layin jira a masana'antun bugu ya kai watanni da yawa, kuma ƙaramin kamfani da ya zuba kuɗinsa a gashin tef da tacewa da buga kwali sai ya zauna jiran faifansa kafin sisi ya dawo. A gefe guda manhajojin da ke tace waƙa da kansu a farashi mai rahusa sun janye ƙananan ayyukan da yaran sitidiyo suke koyon hannu da su. Parsons daga sashen kwafar tef na kamfanin EMI ya fara, ya zama mataimaki, ya tsaya bayan manya yana kallo. Irin wannan ƙofar ta yi ƙunci yanzu, alhali saita kan Studer da gane tef mai bukatar gashi daga kallo da sansanawa, a gefen wanda ya iya ake koyon su.